Wanda Ban Gani Ba

Abbasiyya, Alƙahira
19 ga Satumba

Yaya Humaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Amani da yara. Yaya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya sauka? Ni lafiyata lau, in ban da tarin da hayaƙin motocin Abbasiyya ke sa wa kowa. Tunda aka katse muku layin waya a Ƙaura mun koma zamanin kakanni. Alhaji Munzir mai kai jallabiyoyi Kano ya yarda zai riƙa ɗaukar mini takarda ya ba direban garinmu. In ta iso miki tana ƙamshin turare, jakarsa ce, ba ni na yi sabon hali ba.

Ki karanta wa Inna sakin layin da ke sama, ki tsaya nan. Sauran naki ne ke kaɗai.

Ranar Asabar na kai wa wani malaminmu littafi a Ma'adi, ban same shi ba, aka ce in dawo bayan awa biyu. Rana ta dame ni, sai na shige wani ɗan gidan tarihin jiragen ruwa da ke bakin Nilu don in sha inuwa. Ba na gwamnati ba ne. Tsohuwar rumfar gyaran kwalekwale ce, wani dattijo mai suna Ammu Hasan ya mayar da ita haka. Da ya ga baƙo ɗaya tak ya shigo, sai ya riƙe ni kamar ya samu ɗan da ya ɓata.

Ya zaga da ni ɗakin farko. Ya nuna mini gindin jirgi, wani dogon katako da ake fara shimfiɗawa, da yadda ake jera masa haƙarƙari, da gizago irin na masassaƙanmu, da yadda ake cusa zare da kwalta a tsakanin katako don kada ruwa ya samu hanya. Ya ce babban jirgin ƙarfe kuwa kamar gida ne mai ɗakuna a ƙasa, kowane ɗaki da bangonsa, don in ruwa ya fasa ɗaya sauran su riƙe jirgin. Ina ta cewa tamam, tamam, hankalina na kan agogo.

Ɗaki na biyu na jirgi ɗaya ne, Najmatus Sahil. A ƙuruciyarsa attajiran Turawa yake ɗauka yana ƙetare babban teku da su. Da ya tsufa aka dawo da shi Bahar Maliya yana kwaso leburori da alhazai daga Jidda zuwa Masar. Aka yanke bango uku a cikinsa don a samu wurin zuba kaya. Shekara ashirin da tara da suka wuce guguwa ta same shi, ruwa ya shiga ta gefe guda bai tarar da abin da zai tare shi ba, jirgin ya kife da mutane wajen ɗari shida. Na ce masa, Ammu, ka san abin nan dalla-dalla. Ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, “Da wannan na yanke biyu daga cikin ukun, ya ibni, ɗana. An ce in yanka, na yanka.” Ban sake duba agogo ba.

Akwai akwatunan gilashi da kayan da aka samu a jikin gawarwakin da ba wanda ya zo nema. Agogo, carbi, mabuɗan gidaje, tabarau. A lamba ta arba'in da ɗaya akwai wata takarda da aka samu cikin ledar fasfo, ruwa ya ci gefenta kawai. An rubuta a ƙasa wai layar wani fasinja ce ɗan Sudan mai suna Ishaq, domin haruffan na Larabci ne amma ba wanda ya iya gane maganar. Yaya, ba laya ba ce. Ajami ne, Hausa tsagwaronta, irin rubutun da muka koya a allo. Lissafin tsaraba ne. Ga shi na kwafo miki:

Mai ɗaki, keken ɗinki na hannu da mayafi.
'Yar Baba, 'yan kunne masu jan dutse.
Sabuwa, carbi da lalle.
Malam Nata'ala, zamzam da dabino.
Liman na Ƙaura, darduma.
Wanda ban gani ba, takalmi. Ban san awonsa ba, na sayi biyu.

Sabuwa da Nata'ala da Ƙaura a takarda ɗaya. Gwaggonmu da kawunmu da garinmu. Sai na zauna a ƙasa.

Amma kada ki yi gaggawa, na san halinki. Labarin mutumin nan a tabbace yake. Ya tafi Jidda ɗinki Inna na da cikina, ya yi shekara biyu yana aike, sannan ya yi shiru. Sau uku alhazan garinmu suka nemi gidan Illiyasu tela ɗan Ƙaura, aka nuna musu, suka ji muryar mace da kukan yara, shi kuwa ya ƙi fitowa. A kan wannan shaidar alƙali ya raba aurensa da Inna, kuma duk bayan nutsewar jirgin ne. Abin da nake gani shi ne ya ba wani Basudane saƙo ya kawo mana, bawan Allah ya mutu da kayan mutane. Iyakacin abin da hakan ke nunawa, ya taɓa tunawa da mu sau ɗaya.

Na haɗa ki da Allah kada ki gaya wa Inna komai sai na bincika na ce miki ki faɗa. Mace mai ciwon zuciya ba a kai mata labarin da bai inganta ba.

Ƙaninki,
Rilwanu

Ƙaura Namoda
6 ga Oktoba

Ustazu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma da gaske turare take yi, har Amani ta hana kowa ambulan ɗin. Muna lafiya gwargwado. Kumburin Inna ya hau har gwiwa, yanzu a zaune take salla. Abinci sai an yi da gaske, kunun gyaɗa kawai take karɓa. Ta sa na karanta mata gaisuwarka sau biyu, ta ce ka sha zuma da citta saboda tarin. Ta ga takardar da tsawo ta ce sauran fa? Na ce maganar karatu ce. Ƙaryar farko ke nan da ka sa ni.

Yanzu saurare ni, ka ajiye rawanin a gefe. Shekara goma sha ɗaya kana karatun hadisi a Masar, amma abin da ke gaban hancinka ka kasa gani. Wa yake rubuta wa ɗan aike “mai ɗaki”? Basudane zai iso Ƙaura ya tsaya a tasha ya ce ina gidan mai ɗaki? Ɗan aike suna ake ba shi, da sunan unguwa. Baba bai taɓa kiran sunan Inna ba, kuma bai taɓa kiran nawa ba don ni ce 'yar fari, 'Yar Baba yake ce mini. Wannan takardar kansa ya rubuta wa, don ya riƙa dubawa kada ya manta da kowa. Mutum ba ya ba wani irin wannan takardar, a aljihunsa take zama.

'Yan kunnen nan ni na roƙe shi a tasha ranar da zai tafi. Ina shekara bakwai, na riƙe masa riga na ce masu jan dutse irin na matar Sarkin Fawa. Ba wanda ya ji sai ni da shi. Da na zo kan layin nan sai na shiga bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Hanyar gida yake, Rilwanu. Yana cikin jirgin nan.

Kai ba ka san shi ba, shi ya sa yake maka sauƙi ka ce “mutumin nan”. Ni na san shi. Mutumin da ke cire mini ƙaya da allurar ɗinkinsa yana hura mini ƙafa ba zai ɓuya a ɗaki mutanen garinsu na sallama ba. Tun ina ƙarama nake faɗa, ana ce mini yarinta ce.

Ka san abin da Inna take ɗauke da shi. Ta ƙi sake aure, ta ƙi a ambace shi a gabanta, kuma duk azumi in ana yafe wa juna sai ta ce ta yafe wa kowa banda mutum ɗaya. Ba ta yi masa takaba ba, ba ta taɓa yi masa sadaka ba, ko ƙosai ɗaya. Gani take an jefar da ita ne kamar tsohon zane. In ta ji cewa da kekenta a hannu ya mutu, wallahi ba ciwo zai ƙara mata ba, sauke mata kaya zai yi.

Ka haɗa ni da Allah, kuma ba zan tsallake sunan Allah ba. Amma kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka rubuto kalma ɗaya ka ce in faɗa.

Yayarka,
Humaira

Abbasiyya
21 ga Oktoba

Yaya,

Salamun alaikum. Na samu taki, na gode. Allah ya ba Inna sauƙi. Ki gaya mata na sha zumar, tarin ya tafi. Ki rage mata gishiri, kuma kada ki bari masu maganin tasha su sake sayar mata da jiƙo.

Na karanta hujjarki. Tana da kyau, amma zato ne. A iliminmu in ruwaya ɗaya ta ci karo da ruwayoyi uku na amintattun mutane, ba a zubar da ukun don ɗayar ta fi daɗin ji. Alhazan da suka je gidan nan ba maƙaryata ba ne, har da limamin garinmu a cikinsu. Kuma na koma wurin Ammu Hasan ya buɗe mini rajistarsa: gawa ta arba'in da ɗaya, namiji, baƙar fata, fasfo na Sudan, suna Ishaq, daga Mai Wurno. Babu hoto, ruwa ya wanke na fasfon. An binne shi da sauran a wata maƙabarta kusa da tashar jiragen. To ki gaya mini, in shi ne, wa ke cikin gidan Jidda?

Ki yi tunani. Mu ce wa Inna mijinki ya rasu tuntuni, ta yi kuka, ta yi nadamar shekara talatin, sannan baɗi wani alhaji ya dawo ya ce ya gan shi yana sayen tumatir. Mun kashe ta sau biyu ke nan.

Ban zauna ba. Mai Wurno garin Hausawa ne a Sudan, kuma mutanensu suna da yawa a Giza. Na fara bin wuraren shan shayinsu bayan darasi ina tambayar dangin Ishaq. Sun yi mini alƙawarin tambaya. Ki ƙara haƙuri, ban kwance ba tukuna. Abin da ya jira shekara ashirin da tara zai iya jiran wata ɗaya.

Rilwanu

Ƙaura
9 ga Nuwamba

Rilwanu,

Gaisuwa. Yara lafiya. Inna ba lafiya.

Mun kai ta asibiti an zuƙe ruwa an sallamo mu, likita ya ce mu kai ta gida mu kula da ita. Ka san abin da hakan ke nufi. Numfashinta kamar ana jan tabarma a ƙasa. Kawu Nata'ala yana zuwa safe da yamma.

Baban Amani ya sa ransa a hanyar nan mai hatsari ya je har Funtuwa don ya samu layi ya kira ka. Na ce ya tambaye ka abu ɗaya, ko Yaya ta faɗa? Bai ma san mene ne ba. Ya dawo ya ce ka ce “a'a, ina kan bincike”. Na so a ce kana kusa in kwaɗa maka muciya.

Shekaranjiya ina shafa mata man zafi sai ta ce, “Humaira, kina ganin yana tuna kamannina?” Ba ta kira suna ba, ba ta taɓa kira ba. Takardarka tana ƙulle a bakin zanena, ina jin ta a cinyata. Na ce, Inna, Allah ne ya sani. Ta juya fuska bango.

Ni ba malama ba ce, ban san ruwaya ba. Na san uwata tana tafiya. Wata ɗayan da kake cewa, ba ta da shi. Don girman Allahn da ka haɗa ni da shi, ka kwance ni.

Humaira

Abbasiyya
24 ga Nuwamba

Yaya Humaira,

Salamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan ta same ku Inna na da sauƙi. Takardarki ta maƙale a Kano, Alhaji Munzir bai taso da wuri ba, sai jiya ta zo hannuna. Gobe da safe zai koma, na roƙe shi ya ba direba a ranar da ya sauka.

Ki faɗa mata. Na kwance. Ki faɗa mata da zarar kin karanta wannan layin, ki dawo ki ƙarasa sauran daga baya.

Ke ce da gaskiya. Ranar Litinin wani dattijo ɗan Mai Wurno ya kai ni wani kantin magani a Giza, wurin wata mata mai suna Tagwa. A Jidda aka haife ta. Na ce mata ina neman dangin Ishaq da ya mutu a Najmatus Sahil. Ta dube ni ta ce, “Ubana Ishaq bai mutu a bahar ba, ya ustaz. A kan gadonsa ya mutu, shekara shida ke nan.” Sannan ta tambayi garinmu. Da na ce Ƙaura sai ta rufe kantin ta zauna. Ta ciro katinta ta miƙo mini. Sunan da ke jiki Tagwa Illiyasu.

Ga abin da ya faru. Su biyun teloli ne, ɗaki ɗaya suke kwana. Baba yana son dawowa gida, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya riƙe masa fasfo ya ce ba inda za shi. Shi kuma Ishaq yana da fasfo amma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum a ɓoye yake. Sai suka yi musaya, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi a lokacin, tunda a idon ma'aikatan tasha baƙi duk kamarsu ɗaya. Baba ya karɓi fasfon Ishaq, Ishaq ya karɓi iƙamar Baba ya koma wata unguwa da sunansa. Jirgin Masar ne ya samu wuri a ciki, ya ce zai bi ta ƙasa daga can, yana sauri ya riski Babbar Salla a gida ya ga yaron da aka haifa masa.

Na ce mata, to alhazan garinmu fa? Ta ce, “Na tuna zuwa ɗaya. Suna sallama ubana ya shige banɗaki ya kulle, uwata ta ce ba ya nan, su kuma sun ga takalmansa a ƙofa. In ya fito su ce ba shi ba ne, khalas, an kama shi an kore mu duka.” Ta ce sai da ya zo mutuwa ya gaya musu, ya ce su nemi iyalin Illiyasu su roƙa masa gafara. Ba su san wace Ƙaura ba ce, kuma tsoro bai sake su ba. Ta yi ta cewa ma'alish, ma'alish, wato in yi haƙuri, tana kuka. Na tashi na fito. Daga Giza har Abbasiyya ban san yadda na iso ba.

Alhazanmu ba su yi ƙarya ba, suna suka ji, ba wanda ya ga fuska. Wannan shi ne abu na farko da ake koya mana mu tambaya, shin mai ba da labari ya gani da idonsa? Ban tambaya ba, Yaya, don ban so amsar ba. Tun ina ɗan shekara shida da yara ke ce mini ɗan wanda ubansa ya gudu nake riƙe da haushin Baba, da shi na yi karatu, da shi na zo Masar. Da na ga takardar nan tsoro ya kama ni, in ba shi da laifi, ni me zan yi da duk wannan? Sai na ɓuya a bayan bincike.

Ki ce wa Inna bai guje ta ba. Ki ce sunanta ne a farkon takardar. Ki ce ɗanta yana neman gafararta.

Rilwanu

Ƙaura
8 ga Disamba

Rilwanu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, baƙi sun fara raguwa. Amani ta yi zazzaɓi ta warke.

Ka riga ka ji daga bakin Kawu, tunda layi ya dawo washegarin jana'iza. Na ga kiranka sau da yawa ban ɗauka ba. Ba zan iya da baki ba, shi ya sa na rubuto. Takardarka ta iso ranar sadakar bakwai, direban ya miƙo mini ita ina rabon gumba.

Abin da Kawu bai gaya maka ba ke nan. Ranar Alhamis bayan La'asar ta samu sauƙin nan da ke zuwa kafin tafiya. Ta ce a tashe ta zaune, a kira mata mutane. Ta nemi gafarar kowa, har maƙwabciyar da suka yi faɗa kan akuya. Ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, ka riƙe karatunka. Sai Kawu Nata'ala ya matso ya ce, “Zeinabu, saura mutum ɗaya. Ki sake shi ki tafi da sauƙi.” Ta lumshe ido har muka zata barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce, “Yaya, da mutuwa ya yi da tuni na yafe. Amma yana da rai ya ji sallamar mutanen garinmu ya ƙi fitowa. Ban yafe ba.”

Ina zaune a ƙafafunta. Hannuna na kan ƙullin zanena. Sau biyu na buɗe baki, Gwaggo Sabuwa har ta dube ni ta ce mene ne. Na tuna ka haɗa ni da Allah, na tuna ka ce in ba gaskiya ba ne mun kashe ta sau biyu, na ce wa kaina shi ne malami, ni wace ce. Na ce ba komai. Kafin Magariba ta cika.

Ban ce kai ka kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba. Na fi jin haushin kaina. Na san gaskiya tun ranar da na ga maganar 'yan kunnen nan, ban buƙaci wata Tagwa ba. Da na faɗa na yi kaffara, azumi uku ne ko ciyar da mutum goma, wa ya taɓa mutuwa da wannan? Na zaɓi in fita da hannuna a wanke, ita ta tafi da kayanta a ka.

Na tara su Kawu na karanta musu takardunka duka. Gwaggo Sabuwa ta faɗi sai da aka yayyafa mata ruwa, shekara talatin tana sunkuyar da kai a garin nan saboda wanta. Liman ya ce ranar Juma'a za a yi wa Baba sallar gawa daga nesa. Ɗan tsohon limamin da ya je Jidda ne, ya ce mahaifinsa ya mutu yana ganin gaskiya ya faɗa wa alƙali.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda kai ne mai littattafai. Wanda ya ce bai yafe ba a kan abin da bai faru ba, in ya je can ya tarar da gaskiya, ana ba shi dama ya janye? Kada ka ce mini kana kan bincike.

Humaira

Abbasiyya
26 ga Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Amani lafiya, ya jiƙan Inna da Baba. Ni ina nan. Ban shiga darasi ba tun ranar da Kawu ya gaya mini, malamina ya ce in huta.

Haushinki yana kan hanya, kada ki sauke shi don kin ga ina ba ki tausayi. Kuma kada ki raba laifin biyu. Ni na ɗaure, kin roƙe ni sau biyu, na ƙi.

Tambayarki. Ban buɗe littafi ba. Abin da na sani, ba a kama mutum da haƙƙin da bai ci ba, don haka babu komai a wuyan Baba. Ita kuma wanda ya guje ta ne ta ƙi yafe wa, kuma babu wannan mutumin, ba a taɓa yin sa ba. Ina kyautata wa Allah zaton cewa ta riga mu jin labarin, daga bakin da ya fi nawa. Abin da ba zan iya gyarawa ba shi ne wata biyun da za ta yi a duniya tana sanin an so ta. Wannan ni na hana ta.

Jiya na koma Ma'adi. Na gaya wa Ammu Hasan komai, ya cire katin da ke cewa laya, ya ba ni alƙalami na rubuta sabo da hannuna: Illiyasu tela, daga Ƙaura Namoda, yana hanyar gida. Ya ce bayan sati zai raka ni maƙabartar, ya san layin da kabarin yake. Sannan ya ce in jira. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wani kwali mai lamba arba'in da ɗaya, ya ce wannan bai taɓa sa shi a gilashi ba don ba ya iya kallonsa. Wata 'yar jaka ce da aka samu rataye a wuyan Baba. Keken da sauran kaya suna ƙasan teku. Wannan kaɗai ya ɗauko da jirgin ya fara karkata.

'Yan kunnenki suna ciki, a ƙulle a ƙyalle, dutsen bai dushe ba. Alhaji Munzir zai kawo miki.

Sai takalma, ƙafa biyu, na roba masu maɗauri a baya. Ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙasa, shuɗin ya ɗan fi girma. Duka biyun sun zauna a tafin hannuna ɗaya. Na daɗe ina juya su, Ammu Hasan ya fita ya ba ni wuri.

Lokacin ina shekara ɗaya da wata tara. Ki yi ƙoƙari ki tuna mini, Yaya, wanne ne zai yi mini daidai? Na san ke ma yarinya ce a lokacin. Inna ce za ta sani.

Ƙaninki,
Rilwanu